Yadda ake kai tawaga Ayutaya daga Bankok a yini ɗaya ba tare da rana ta kayar da kowa ba

Jama'a tambayar nan ta yi yawa, musamman daga 'yan uwanmu masu zuwa Bankok saro kaya, waɗanda bayan an gama ɗaure kaya an miƙa wa 'yan kago sai ka ga saura kwana biyu ko uku jirgi ya tashi, mutum goma suna zaune a otal babu abin yi. Wasu kuma iyali ne da suka rako mara lafiya asibiti, Allah ya ba shi sauƙi, suna so su ɗan ga gari kafin a koma gida. Tambayar dai kusan iri ɗaya ce, ya ake zuwa Ayutaya a ƙungiyance, nawa ake kashewa, ina za a yi sallah, me za a ci. To ga yadda nake yi daki-daki.

Ayutaya tsohon babban birnin ƙasar Tailan ne tun ana ce mata Siyam, an kafa shi a 1350, sojojin Bama, Myanmar ta yau, suka ƙone shi a 1767, abin da ya rage na jan bulo da hasumiyoyi da mutum-mutumin Buda (wanda ya kafa addinin da yawancin 'yan ƙasar ke bi) shi ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Kilomita 80 ne arewa da Bankok. Iyakar tarihin da zan ba ku ke nan. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, ba kuɗi ne ke ɓata wannan tafiyar ba, rana ce, don haka duk tsarin da ke ƙasa an gina shi ne a kan guje mata.

1. Takardu, ga wanda bai baro gida ba tukuna

Ɗan Najeriya sai da biza, kuma ta intanet ake cike ta yanzu. Cikin abin da ake nema har da takardar wankewa ta hukumar NDLEA, ita ce ta fi cin lokaci, ku fara da ita. Katin allurar shawara, wanda muke ce wa yalo kad, dole ne, ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar, ana dubawa a filin jirgi kafin ka kai wajen masu buga fasfo. Tun daga 1 ga Mayu 2025 kuma akwai katin shiga na intanet mai suna TDAC da kowa zai cike cikin kwana uku kafin sauka, kyauta ne.

Hattara: akwai shafukan bogi da ke karɓar kuɗi a kan TDAC. Duk shafin da ya ce ka biya, fita.

2. Zaɓen wata da rana

Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin. Maris zuwa Mayu zafi na kai digiri 40, kuma ba irin zafin Sakkwato ba ne da za ka shiga inuwa ka ji sanyi, wannan mai gumi ne, kana tsaye cak riga na jiƙewa. Satumba da Oktoba lokacin ambaliya ne, garin tsibiri ne da koguna uku suka zagaye, Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi, a 2011 ruwa ya shiga har cikin kangayen. Ku kuma guji 13 zuwa 15 ga Afrilu, bikin sabuwar shekararsu ne da ake watsa wa duk wanda aka gani ruwa a titi, dattawanmu ba za su ji daɗi ba.

A cikin mako ku ɗauki Laraba ko Alhamis. Asabar da Lahadi 'yan Bankok ne ke cika wurin, Litinin kuma gidan adana kayan tarihin da za ku fake a ciki da tsakar rana a rufe yake.

3. Shugaba ɗaya, ma'aji ɗaya

Kafin a yi maganar mota a zaɓi mutum biyu. Shugaba shi ke faɗin lokacin tashi da na haɗuwa, kuma shi ke ƙirga mutane. Ma'aji shi ke riƙe kuɗin karo-karo, shi kaɗai ke zuwa tagar tikiti. In aka bar kowa ya biya nasa, a kowace ƙofa sai kun ɓata minti ashirin ana neman canji, wuri shida ke nan kun zubar da awa biyu a banza.

Ni in mu goma ne nakan ce kowa ya kawo baht 1,500, baht shi ne kuɗin Tailan. Daga ciki mota ta ci kamar 350 a kan kowa, tikiti a ware 500, abincin rana 250, sauran na ruwa ne da ko-ta-kwana, abin da ya rage a raba da daddare. Manyan kangayen sun daɗe a kan baht 50 ga baƙo, amma ku lissafa 100 a kowace ƙofa don ƙarin farashi kar ya zo muku ba zata. A canza dala tun a Bankok, ma'aji ya roƙi a ba shi 'yan 20 da 50 da 100 da yawa, don mai tuk-tuk, a-daidaita-sahunsu ke nan, ba zai canza maka takardar 1,000 ba.

A buɗe gurup na WhatsApp na ranar kawai, kowa ya tabbata yana da data, kuma kowa ya sa katin otal ɗinsa a aljihu, wanda aka rubuta adireshi da rubutunsu. Lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido 1155 ce, ta motar asibiti 1669.

4. Mota: shata ko jirgin ƙasa

In kun kai shida zuwa goma, ko akwai dattijo ko yara, ku ɗauki shatar bas mai AC daga ƙofar otal, ya kai ku ya jira ku ya dawo da ku. Ku yi lissafin baht 3,000 zuwa 3,500 na yini, awa ɗaya da rabi ce tafiyar in babu go-sulo. Wurin ciniki a fayyace abu huɗu kuma a rubuta a waya direba ya gani: ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a dawo, wa zai biya mai da kuɗin babbar hanya, sannan jerin wuraren da za a tsaya. A ƙara masa da cewa ba kwa son a biya da ku shagon gwal ko na tela, don wasu direbobin kamasho suke samu a can.

In kuma matasa ne kuma ana son rage kuɗi, jirgin ƙasa ya fi. Ana hawa a babbar tashar Krung Thep Aphiwat, wasu ƙananan jiragen kuma har yanzu daga tsohuwar tashar Hua Lamphong suke tashi, kujerar aji na uku ba ta wuce baht 20, fanka ce da taga a buɗe, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Da kun sauka ku tsallaka titi ku bi ɗan lungun da ke kallon tashar, a ƙarshensa akwai jirgin fito da zai haye da ku tsibirin a kan 'yan canji. Ko ku ɗauki tuk-tuk tun daga tashar. Tuk-tuk ɗin Ayutaya kamar a-daidaita-sahu yake amma benci biyu ne a baya suna kallon juna, mutum huɗu su zauna a sake, shida a matse.

Hattara a nan: kuɗin tuk-tuk na awa ne, kamar baht 200 zuwa 300. Zuwana na farko mun yi ciniki da wani a kan 300, mu a tunaninmu na zagayen duka ne, da yamma ya ɗaga yatsu shida ya ce 1,800, kuma maganar gaskiya shi ke da gaskiya, mu ne ba mu tambaya ba. Ku rubuta a takarda, awa kaza, jimla kaza, ya gani ya gyaɗa kai kafin kowa ya hau.

5. Shiga da abin ɗauka

Shigarmu ta gida ta wadatar, dokarsu ita ce a rufe kafaɗa da gwiwa. Sai dai a bar shadda mai sitati da babbar riga a otal, a sa yadi mara nauyi, mata su zaɓi hijabi mai shan iska. Takalmi ya zama mai saurin cirewa don za a yi ta cirewa, kuma a riƙo safa, dandamalin bulo da tayil na ƙona tafin ƙafa da hantsi. Kowa da lema, da robar ruwa babba, da ƙaramar darduma. Ma'aji ya sayi gishirin ORS a kemis, da man shafawa na sauro saboda yamma a bakin kogi.

Kar kowa ya ɗauko sigarin lantarki, haramtacce ne a Tailan kuma ana kamawa. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma sai da rajista, a bar shi.

6. Jawabin minti biyar a cikin mota

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ke jawo jin kunya. Mu kallo ya kai mu, ba ibada ba, babu wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare, amma su 'yan ƙasar wurin ibadarsu ne kuma yadda ba za mu so baƙo ya shigo masallaci yana shewa ba haka su ma. Shugaba ya faɗa wa kowa tun kafin a sauka: ba a hawa kan gini ko kan mutum-mutumi, ba a tsayawa bayan wanda kansa ya gutsure a ɗora nasa kan don hoto, ba a miƙe ƙafa ta kalli Buda in an zauna, ba a ɗaukar ko ɓallin bulo. Mata ba sa taɓa malaman addinin, masu ɗaura yadi ruwan lemo, ba sa kuma miƙa musu abu hannu da hannu. Duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ɗakin da ake bauta ba ya tsaya a farfajiya, babu tilas, kuma kar wani ya tsaya yana tofa albarkacin bakinsa da ƙarfi a kan addinin mutane yana ganin ai Hausa yake yi, fuska da murya suna fassara kansu.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi, ba a wasa da sarkinsu ko hotonsa, ko a baki ko a rubuce. Doka ce mai ɗaurin da ke kai shekara 15.

7. Zagayen safe: filin da babu inuwa

Ku bar Bankok ƙarfe shida da rabi, bayan asuba kowa ya karya a mota. Manufar ita ce ƙarfe takwas ta yi muku a ƙofar Wat Mahathat, wat a yarensu wurin ibada ke nan. Da yawan direbobi za su so su fara sauke ku a wuraren da ke bakin hanyar shiga gari, ku ƙi, waɗancan suna da rufi da bishiyoyi za su iya jira, kangayen tsakiyar tsibiri kuwa fili ne fetal.

Wat Mahathat nan ne kan Budan nan yake, na dutse, da saiwoyin bishiya suka naɗe har suka bar fuskar kaɗai a waje, idanun a lumshe, ganyaye na zubowa a gabansa. Ƙarami ne fiye da yadda hoto ke nunawa kuma yana ƙasa-ƙasa daf da ƙasa, an kewaye shi da igiya. Mai son hoto sai ya tsuguna ko ya zauna don kar kansa ya ɗara na Budan, akwai mai gadi a gefe da zai yi maka magana in ka tsaya a tsaye. Da sassafe layin mutum biyar ne, ƙarfe goma in manyan bas-bas suka iso sai ka ga mutum hamsin. Ku fara da shi, sannan ku zaga layukan mutum-mutumin da ke zaune jere babu kawuna. Minti arba'in ya isa.

Wat Ratchaburana tsallaken titi ne kawai, a ƙafa za ku je. An gina shi a 1424, hasumiyarsa ta tsakiya har yanzu a tsaye take da adonta, kuma in ka tsaya a ƙofar babban zauren da rufinsa ya tafi za ka hango ta ta cikin ƙofar kamar an sa ta a firam, nan ne hoton tawaga ya fi kyau. A ƙarƙashinta ne ɓarayi suka fasa ɗakin ajiya a 1957 suka kwashi gwal, abin da aka ƙwato da wanda aka tono daga baya shi za ku gani da rana. Matakalarta a tsaye take, dattawa su zauna a ƙasa.

Daga nan mota zuwa Wat Phra Si Sanphet, mai hasumiya uku jere masu siffar ƙararrawa, a cikinsu aka ajiye tokar sarakuna uku, wurin ibadar fada ne. Rabin awa. In da sauran ƙarfi a leƙa Wat Lokayasutharam, Buda ne kwance a fili tsawonsa kusan mita arba'in, minti goma sha biyar ya wadatar.

Hattara: a ƙirga mutane da suna duk lokacin da za a rufe ƙofar mota, ba wai a waiga a ce kamar mun cika ba. Mun taɓa barin wani bawan Allah a Mahathat ya shiga bayi, ba data a wayarsa, sai da muka sauka a wuri na gaba aka farga, awa guda ta tafi a nemansa kuma ita ce awar sanyin. Akwai karnuka kuma da ke kwance a inuwar bango, a riƙe yara kar su je kusa.

8. Sha ɗaya da rabi zuwa uku: a ɓuya

Duk wanda ya ce a ci gaba da zagaye a wannan tsakanin kar a saurare shi. Abu uku za a yi, abinci, sallah, da gidan tarihi.

Abinci bai da wuya kamar yadda ake tsoro, don Ayutaya gari ne mai tsohuwar al'ummar Musulmi, da masallatai da yawa musamman kudu da tsibirin wajen unguwar Khlong Takhian, can ne masallacin Takia Yokin yake a bakin kogi. Ku rubuta halal a Google Maps tun daren jiya ku zaɓi wuri, shugaba ya sa direba ya kira su ya ce mutum goma na tafe. Ku duba tambarin halal kore mai siffar lu'u-lu'u, ko mai abincin da hijabi ko hula. Abin da ya fi karɓar cikin Bahaushe shi ne khao mok kai, dafa-dukar shinkafa ce ruwan ɗorawa da kaza. Akwai kuma manyan jatan lande na kogi da ake gasawa, garin ya yi suna a kansu, amma da tsada, a tambayi farashi kafin a ce a kawo.

Hattara: taliyar da garin ya fi shahara da ita, wadda suke kira taliyar kwale-kwale, da jini ake kaurara romonta kuma yawanci na alade ne. Alade a yarensu "mu" ake ce masa. Ko ka ce kar a sa naman, romon na nan, don haka a bar ta sai a shagon Musulmi.

Sallah kuwa yawancin gidajen abincin Musulmi na da ɗan ɗaki, ko su nuna muku masallaci. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla, mun saba da gabas, a Tailan kuwa yamma ake kallo a ɗan karkata arewa. Na sha ganin Alhaji ya shimfiɗa darduma ya ba Ka'aba baya saboda sabo. Da yawanmu kan haɗa azahar da la'asar a nan tunda matafiya ne.

Sai gidan tarihi na Chao Sam Phraya, akwai AC, a ware baht 200 kowa. Gwal ɗin Ratchaburana na nan, takobin sarauta da 'yar giwa ta zinare da aka yi wa ado da duwatsu, masu sana'ar gwal a cikinku za su daɗe a gaban gilashin. Daga nan ba nisa, cikin harabar jami'ar Rajabhat, akwai kabarin Shehu Ahmad, ɗan kasuwa daga birnin Ƙum na Farisa da ya zo farkon shekarun 1600 ya zama babba a fadar sarki, shi ne na farko da ya riƙe sarautar shugaban Musulmin ƙasar, Chularajmontri, wadda har yau ake naɗawa. Masu tsara yawo ba sa sa shi a jeri sai ka nema, ni kuwa ban taɓa kai tawaga ban biya ba, don nan ne mutanenmu ke fahimtar cewa garin nan na fatake ne tun asali.

9. Zagayen yamma

Ƙarfe uku a nufi Wat Phanan Choeng, wannan ba kango ba ne, ana ibada a ciki kullum. Buda ne zaune mai ruwan zinare tsayinsa mita 19, an yi shi a 1324, ya girmi garin kansa. Ana cire takalmi, akwai cunkoso da hayaƙin turare, mai asma ya tsaya waje. Kusa da shi Wat Yai Chai Mongkhon yake, mai doguwar hasumiyar da ake hawa a hango gari, da layin mutum-mutumi da aka yafa wa yadi rawaya. Kuɗin shiga waɗannan biyun bai kai na kangayen ba. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa kar ya hau matakalar, saukowar ta fi hawan wuya.

Ƙarfe huɗu da rabi ku kasance a Wat Chaiwatthanaram, yammacin kogi, wanda Sarki Prasat Thong ya gina a 1630. Shi na bari a ƙarshe da gangan, don in rana ta yi ƙasa bulon sai ya koma ja wur kamar garwashi, iska na tasowa daga kogi, ga 'yan ƙasar sun yi hayar kayan gargajiya suna ɗaukar hoto. A nan shugaba ya saki mutane awa guda, a faɗi ƙofar haɗuwa da lokaci kawai. Wajen ƙarfe shida ake rufewa.

Maganar hawan giwa, za ku gan su a tsakiyar gari da jan palan a baya. Ni ba na sa shi a tsari, dabbar na yini a kan kwalta mai zafi da ƙugiya a kanta, ga shi yana cin kuɗi da lokaci.

10. Tsaraba da komawa

Kafin a hau hanya a tsaya titin U Thong gaban babban asibitin garin, nan masu roti sai mai suke jere. Alawa ce siri-siri kamar gashi da ake naɗewa a cikin ɗan fanke mai laushi, yawancin masu yin ta Musulmi ne, da arha, amma fanken ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ta ci a otal ce ba ta kaiwa Kano ba.

Hattara: kar wani ya sayi mutum-mutumin Buda ko guntun wani tsohon abu wai na ado ko na sayarwa, fitar da su daga ƙasar sai da izinin hukuma, ana iya tsare mutum a filin jirgi a kansu.

A yi magariba a Ayutaya kafin a tashi, don go-sulon shiga Bankok da yamma na iya mayar da awa ɗaya da rabi ta zama uku. Masu jirgin ƙasa su duba jadawalin komawa tun da safe lokacin da suka sauka, su ɗauki hotonsa, kuma kar su dogara da na ƙarshe. Wanda jirginsa na gida zai tashi a daren nan kar ya bi tawagar gaba ɗaya. Direba kuma ba a cika masa kuɗinsa sai ya sauke ku a ƙofar otal, rabi da safe, rabi da daddare, in ya kyauta muku ma'aji ya ɗora masa baht 200 ko 300 daga abin da ya rage.